Wace kwanbata ce ta dace da giyar motata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Camry ƙirar 2005 mai silinda huɗu, shigowar Amurka. Giyarta ta ƙone, na sayi wata ta Beljiyam, amma ba ta zo da kwanbatarta ba. Bakanikena ya ce a mayar da tsohuwar. Mai kaya kuma ya ce yana da ta V6, wai duk Camry ce, in dai ta shiga shi ke nan. Wanne zan bi, kuma yaya ake gane kwanbatar da ta dace da giyar otomatik?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu. Tsohuwar kwanbatarka, wato dunƙulen ƙarfen da ke haɗa inji da giya, ta sha dattin giyar da ta ƙone, ta V6 kuwa ba don injinka aka ƙera ta ba. Wadda za ka nema ita ce wadda lambarta ta yi daidai da giyarka da injinka, su biyun tare. Amma tunda ka tambayi yadda ake ganewa, bari in warware maka, don in ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka san abin da za ka riƙe mai kaya da shi.

Mu fara da maganar "duk Camry ce". Jikin Camry na 2002 zuwa 2006, wanda ake wa laƙabi da Big Daddy, in shigowar Amurka ne, giyar otomatik huɗu daban-daban ya ɗauka. Mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2004 tana da U241E mai canji huɗu. Daga 2005 aka koma U250E mai canji biyar, irin taka ke nan. Mai V6 ta fara da U140E, daga baya aka ba ta U151E. Sai ka ga mota huɗu jere a gareji, jiki iri ɗaya, amma kowace da abin da ke cikinta. Kama da wane ba ta wane. Ka buɗe ƙofar direba, ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, daga ƙasa za ka ga an rubuta A/TM, a gabansa kuma sunan giyar. Tun kafin a je ga kwanbata ma, ka tabbatar giyar Beljiyam ɗin da ka saya ita ma U250E ce. In motar ta bi hannu da yawa kafin ta zo gare ka, kada ka dogara da takardar kaɗai, domin ita ba ta san abin da wani bakanike ya sauya a baya ba. A dubi giyar da aka sauke, da soket ɗinta.

Kwanbata ita ce dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakanin inji da giya, a gurbin da motar manuwal take da kuloci. A rufe take ruf da walda, cike da man giya. Abu huɗu ne a cikinta. Akwai infela, fankar da ke manne da jikin kwanbatar, tana juyawa tare da inji tana watsa mai. Akwai tabayin, fankar da ke fuskantarta, wadda man ke bugawa ta juya, ita kuma ta juya sandar giya. A tsakaninsu akwai ƙaramar fanka, siteta, zaune a kan wani ɗan kuloci da ke barinta ta juya ta gefe ɗaya kawai. Na huɗu shi ne kulocin kulle, wanda idan mota ta miƙe hanya yake ɗaure tabayin da jikin kwanbata su zama abu guda.

Aikin siteta shi ya bambanta kwanbata da fanka biyu zalla. Lokacin da mota za ta tashi daga tsaye, man da ya dawo daga tabayin yana zuwa ne ta fuskar da zai yi wa infela cikas. Sai siteta ta kafe ta karkatar da shi ya koma yana taya infela turawa. Da haka ake ninka ƙarfin murɗawar inji kusan sau biyu, a wasu har biyu da rabi, a daidai lokacin tashi. In tabayin ta kai kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na gudun infela, ninkin ya ƙare, siteta ta saki ta bi su. Dabarar ta daɗe a duniya: injiniyan Jamus Hermann Föttinger ya yi mata rajista a 1905 saboda jiragen ruwa, kamfanin Buick kuma ya kawo ta motocin hawa a 1948 da giyarsa Dynaflow.

Ka ga ke nan kwanbata iyayen gida uku take yi wa aiki: inji a gabanta, giya a bayanta, da kwamfutar mota mai ba da umarnin kulle. Dole ta gamsar da kowanne. Mai kayanka da ke cewa "in ta shiga", na giya kaɗai yake magana, shi ma ɗin rabinsa.

Ta ɓangaren giya, wuri uku take kamawa. Haƙoran tabayin suna hawa sandar giya. Haƙoran siteta suna hawa wata sanda mara juyawa da ta kewaye ta farkon. Wuyan kwanbata kuma yana kutsawa cikin famfon man giya ya juya shi. Kowane ɗaya yana da nasa adadi da kauri da tsawo, kuma kamfani yana iya sauya su ba tare da ya sauya sunan giyar ba. Giyar 700R4 ta kamfanin GM ta fito a 1982 da haƙori 27 a sandarta, zuwa 1985 an mayar da su 30. C4 ta Ford tana da 24 har 1969, daga 1970 ta koma 26. Ita kuwa 4L60E ta GM akwai mai ɗaukar kwanbata mai faɗin milimita 298, akwai mai 300, kuma ba sa musanya, domin sandar da tsawon duk sun bambanta. Milimita biyu a suna, amma in ka sayi kuskure kuɗinka ya tafi.

Wadda ta ƙi shiga ba ta cutar da kowa, a take za a mayar wa mai ita. Abin tsoro ita ce wadda ta zura salin-alin saboda haƙoranta sun fi sandar faɗi, ko wuyanta ya ɗan gaza tsawo. A ɗaure komai, a zuba mai, a tayar, a sa D, mota ta ƙi motsi. Ko ta yi tafiyar sati biyu tana riƙe famfo da bakin wuya kawai, ran nan a tsakiyar titi ta cinye shi.

Ta ɓangaren inji kuma, ana ɗaure ta ne a jikin siririn farantin nan da kanikawa ke kira fulawul. Adadin notuna da tazarar ramukansu dole su zo daidai. Toyota irin taka noti shida ne. Honda ƙanana takwas ne a yawancinsu, kuma haƙoran da kik ke kamawa a jikin kwanbatar suke, ba a faranti ba. Sannan akwai ɗan hancin da ke tsakiyar fuskar kwanbata, wanda ke shiga ramin da ke ƙarshen karanshaf. Mutane ba su cika kula da shi ba, alhali shi ke saita ta a tsakiya. In ya yi ƙanƙanta, kwanbata za ta riƙa juyawa a karkace, ta ci bushin famfo, sil ya fara zubar da mai, a ƙarshe faranti ya tsage ka riƙa jin ƙwanƙwasa kamar inji ne ya buga. Na sha ganin an faɗaɗa ramukan faranti da dirila don noti ya shiga. In ka ga bakanike ya ɗauko dirila a wannan aiki, ka tsayar da shi, kayan ne ba nasu ba.

Masu Honda akwai wani abu naku daban. Tsofaffin injinansu masu silinda huɗu, kamar F23 na Accord 1998 zuwa 2002, baibai suke juyawa, saɓanin K24 da ya zo a Accord ta 2003. Fukafukan kwanbata kuwa an lanƙwasa su ne don juyi ta fuska ɗaya. Ta wancan ba za ta taɓa yi wa wannan aiki ba.

To, a ce duk waɗannan sun zo daidai, ta shiga, notuna sun hau. Yanzu ne aka zo inda ido ba ya gani, kuma a nan ne maganar mai kayanka ta rushe. Kowace kwanbata tana da abin da ake kira sitol. Idan ka take birki da ƙarfi, giya tana D, ka take totur har ƙasa, inji zai hau ya tsaya a wani adadin juyi ya kasa wucewa, domin kwanbata ta riƙe shi. Wannan adadin shi ne sitol. A motocin fetur na yau da kullum yakan faɗo tsakanin juyi 2,000 da 2,600 a minti. Masu ƙira suna zaɓarsa ne don inji ya samu hawa zuwa inda ƙarfinsa ya fara nuna kafin nauyin mota ya danne shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, sitol ba na kwanbata kaɗai ba ne, na kwanbata da inji ne a haɗe. Riƙon da kwanbata ke yi wa inji yana ƙaruwa ne da ninkin juyi a kan kansa: in juyi ya ninka biyu, riƙo ya ninka huɗu. Saboda haka inji mai ƙarfi zai tura kwanbata zuwa sitol mai tsawo, mai rauni kuma ya tsaya ƙasa, alhali kwanbatar guda ce. Injinka, 2AZ-FE mai lita 2.4, ƙarfin murɗawarsa kusan Nm 220 ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa). V6 mai lita 3.0, wato 1MZ-FE, yana kusan 300. A ɗauka kwanbatar V6 tana ba da sitol 2,400 a bayan injinta. In ka ɗaura ta a bayan naka, lissafi zai kawo ka wajen 2,050. In kuma aka yi akasin haka, aka sa mai 2,400 ta silinda huɗu a bayan V6, za ta haura zuwa wajen 2,800. Girma ma yana da tasiri fiye da yadda ido ke zato, domin riƙo yana bin faɗin kwanbata ne ninki biyar a kan kansa. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a faɗi yana ƙara riƙo da kusan kashi 60. Ko faɗi ɗaya ne ma, kwanar fukafukan infela da na siteta kaɗai ta isa ta raba su, kuma wannan ba ka ganinsa sai an yanka.

Ga yadda za ka ji shi a kujerar direba. Ta V6 a bayan silinda huɗu ta yi tsauri. Mota za ta yi nauyin tashi, kamar ka cika but da buhunan siminti. A danja, giya tana D, na'urar sanyi a kunne, za ka ji tana jan birki tana karkarwa, juyin inji yana neman faɗuwa. Za ka riƙa zurfafa totur don ka samu abin da ka saba samu, fetur ya tafi a haka. A hawan tudu da kaya abin ya fi muni. Ta silinda huɗu a bayan V6 kuwa ta yi sako-sako: inji na kuka, mota ba ta bin kukan, duk ƙarfin da ya zame yana komawa zafi a cikin man giya. Man giya yana son zama wajen digiri 80 zuwa 90. In ya riƙa haura 120, lalacewarsa ba ta ɗaukar lokaci, balle a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, a cikin cunkoso, inda kwanbata ba ta samun damar kullewa.

Shi ya sa sunan giya kaɗai ba ya isa. Dubi A750F ta Toyota mai canji biyar. An sa ta a bayan 1GR-FE, V6 na fetur mai lita 4.0, an sa ta a bayan 2UZ-FE, V8 mai lita 4.7, an kuma sa ta a bayan 1KD-FTV, dizal mai lita 3.0. Suna ɗaya, inji uku, halin kowanne daban. Dizal yana ba da ƙarfinsa tun juyi yana ƙasa, bugunsa kuma ya fi kaushi, don haka tasa kwanbatar an yi ta ne da riƙo da sifirin da za su iya da shi. Masu Prado da Land Cruiser da ke sauya inji daga dizal zuwa fetur, ko masu sauke V6 su ɗora silinda huɗu don gudun shan mai, su ne suka fi faɗawa wannan rami. A sauya inji a bar tsohuwar kwanbata, daga baya a ɗora wa sabon injin laifin rashin ƙarfi.

Wani lokaci samari kan tambaye ni game da kwanbata mai dogon sitol, 3,000 zuwa sama, da suke gani a bidiyon masu tseren Amurka. Waccan ta injin da aka gyara ne don ƙarfinsa ya fito a juyi mai tsawo, a tsere na 'yan daƙiƙoƙi. Motar kai yara makaranta ba abin da za ta samu a ciki sai zafi.

Saura na uku, kwamfuta da kulocin kulle. Kulle ba sabon abu ba ne, Packard ta yi shi tun 1949, amma sai bayan tsadar man fetur ta shekarun 1970 ya dawo da ƙarfi, Chrysler ta sake kawo shi a 1978. Na farko-farko buɗe da rufe ne kawai: mota ta kai wani gudu, kuloci ya kama gaba ɗaya. Na baya kuwa kwamfuta ce ke sassaita matsin mai, ta kama kulocin a hankali, har ma ta bar shi yana ɗan zamewa da gangan a ƙaramin gudu don a rage shan mai ba tare da mota ta yi gurnani ba. Wannan zamewar tana buƙatar fatar kuloci ta musamman mai jure zafi. GM ta fara kamun sannu a 4L60E a 1995, zuwa ƙarshen shekarun 1990 ta koma zamewar dindindin da fatar kabon. In ka sa kwanbata mai tsohuwar fatar takarda a giyar da kwamfutarta ke zamar da kuloci, za ta shiga, za ta yi tafiya, amma fatar za ta ƙone, garinta ya bi mai ya shiga balbodi.

A jikin kulocin nan akwai sifirin da ke shanye bugun inji idan an kulle, tunda a lokacin mai ya daina shiga tsakani. Silinda huɗu yana bugu biyu a kowane juyi, V6 yana uku. An auna sifirin kowace kwanbata ne da bugun injinta. Ga wani dalilin kuma da ya sa ta V6 ba taka ba ce.

In kana son shaidar yadda kwamfuta da kwanbata suke tafiya tare, dubi Camry ta 2012 zuwa 2014 mai giyar U760E. An samu ƙorafin karkarwa a gudun kilomita 40 zuwa 80 idan an taka totur a hankali. Gyaran da Toyota ta fitar a Amurka bai tsaya ga abu ɗaya ba: ta sabunta manhajar kwamfutar, ta sauya kwanbatar ga motocin da abin ya riga ya taɓa, ta kuma tsawaita garanti a kan wannan matsala. Mai irin wannan mota da ya sayo kwanbatar Beljiyam ya ɗaura ba tare da an duba manhajar ba, rabin gyara ya yi.

Mai ma yana cikin lissafin, domin kamun fatar kuloci ya dogara da sinadaran da ke cikinsa. Taka Type T-IV take sha, kuma an rubuta a jikin sandar gwajin mai. Camry ta 2007 zuwa sama WS ce. Honda tana da DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Jan mai da ake aunawa a galan a bakin titi, launi kaɗai ya haɗa shi da waɗannan. Sau da yawa karkarwar da ake sauke giya saboda ita, daga galan ɗin nan ta samo asali.

A gefe guda, ba kowace otomatik ce ke da kwanbata ba. DSG ta Volkswagen kuloci biyu gare ta, Prius da Camry Hybrid ba su da ita sam, CVT ta Nissan kuwa tana da ita.

Mu dawo kan shawarar bakanikenka. Ya yi gaskiya ta fuska ɗaya: in sabuwar giyar irin tsohuwar ce, tsohuwar kwanbata ita ce daidai a lamba. Matsalar abin da ke cikinta ne. Kwanbata tana riƙe da kaso mai yawa na man giya, sulusi ko fiye, kuma saboda juyin da take yi, garin ƙarfe da na fatar kulocin da suka ƙone suna taruwa su daskare a gefen cikinta. Zuba fetur a girgiza a zubar ba ya fitar da su. Sai an ɗaura ta, mai ya yi zafi, su saki su shiga sabuwar giyarka. Wankin gaskiya sai an yanka ta a injin leda, wato injin fiƙe ƙarfe, an sauya fata da sil, an mayar an yi walda a saiti, an daidaita nauyinta, an gwada ta da matsin iska. In akwai mai wannan aikin da kayan aikinsa kusa da kai, gyararriyar tsohuwarka ta fi Beljiyam ɗin da ba a san tarihinta ba. In babu, a ajiye ta don awo kawai. Inda ake mayar da tsohuwa ba fargaba shi ne inda aka sauya giya don jikinta ya fashe a hatsari, man kuma ya fito ja garau ba ƙauri. Taka ƙonewa ta yi.

Haka dattin nan yake a bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto. A wanke shi da bututansa ta fuska biyu har sai abin da ke fita ya fito tas, in ya toshe a sauya. Kanikawa da yawa suna tsallake wannan, shi ya sa za ka ji mutum ya sauya giya sau biyu a shekara yana zagin Beljiyam.

Abin da zan ba ka shawara, ka fara komawa wurin wanda ya sayar maka da giyar ka nemi kwanbatarta. Sau da yawa tare suke zuwa, a raba su don a sayar daban-daban. In babu, ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 ka ba mai kundin kayan Toyota a kwamfuta ya fitar maka da lambar kwanbatar motarka. Lambobin kwanbatar Toyota da 32000 suke farawa, biyar ɗin ƙarshe su ne zancen. Sannan ka tafi kasuwa da tsohuwar a but. A kifa su gefe da gefe a kan benci, a auna tsawo daga mazaunin noti zuwa bakin wuya, a auna kaurin hanci da na wuya, a ƙirga haƙora, a gwada alamomin da aka buga ko aka manna a jiki. A tambayi mai kaya daga kan wane inji aka cire ta, ba daga wace mota ba.

In ta tsallake wannan, a duba lafiyarta. Wuya ya zama sumul, ba zane mai kama farce, ba shuɗin ƙuna. A tsiyaya man cikinta a kan farar takarda: baƙi mai ƙauri ko mai ƙyalƙyalin ƙarfe, a bar musu kayansu. Mai kamar madara kuwa ruwa ya shiga, ruwa kuma yana ɓanɓare fatar kuloci. A zura yatsa ko dogon filaya a juya haƙoran siteta, ta tafi sumul ta gefe ɗaya ta cije ta ɗayan. Siteta mai juyawa ta ko'ina tana sa mota ta rasa ƙarfi a tashi amma ta yi daidai a gudu. Wadda ta maƙale gaba ɗaya kuma tashi lafiya, gudu ya gagara, mai ya tafasa. A kuma duba fuskar da ke kallon inji kada a samu lotsawa, domin bayanta ne kulocin kulle ke kamawa.

Wurin ɗaurawa ma ana kashe kwanbata mai kyau, har da famfon giya. A zuba mata kamar lita ɗaya na mai tukuna, a shafa wa wuyan. A ɗaura ta a jikin giya, ba a jikin inji ba, ana juyawa ana turawa har ta faɗa mataki-mataki, tabayin, siteta, sannan famfo. Kada a tsaya ga ƙirga ƙarar faɗawa, a ɗora ruli a bakin giya a auna zurfin da ta shige, a gwada da na littafin gyara. Bakin giya ya haɗu da inji da hannu, fegi biyun nan na saiti suna wurinsu. In ya rage tazara aka ce za a jawo da noti, to kwanbata ba ta zauna ba, kuma abin da notin zai murƙushe famfo ne. Bayan an haɗa, kwanbata ta juya da hannu ba cijewa, a kuma jawo ta gaba kaɗan, kamar milimita 3 zuwa 5, kafin ta taɓa faranti. A Toyota da yawa ɗaya daga cikin notuna shidan baƙi ne, shi ake fara sawa domin shi ke saita sauran, a ɗaure su a Nm 41. A yi amfani da notunanta na asali. Wanda ya fi tsawo zai tokari fuskar kwanbata ya lotsa ta ciki, kulle ya lalace tun mota ba ta bar gareji ba.

Bayan an gama sai gwaji. Mai ya yi ɗumi, digiri 50 zuwa 80, a sa wa tayoyi waigi, a ja birkin hannu, a yi gwajin sitol, amma kada ya wuce daƙiƙa biyar, kuma a bar mai ya huce kafin a sake. In ya haura abin da littafi ya ce, ko kulocin cikin giya na zamewa, ko matsin mai ya yi ƙasa, ko kwanbatar ta yi wa injin sako-sako. In ya gaza, ko inji ba lafiya, ko siteta ta saki, ko kwanbatar ta yi tsauri. Sannan a hau titi da na'urar sikana a haɗe, a kalli juyin inji da na tabayin. Idan kulle ya kama a miƙaƙƙiyar hanya, lambobin biyu za su haɗu. In sun ƙi haɗuwa, lambar matsalar kulle, P0741, na nan tafe a sikana.

Kafin ka zargi kwanbatar da ka saya, ka tambayi bakanikenka ko tamostat, mai riƙe ruwan inji har ya yi ɗumi, na nan a injin. Kwamfutar Toyota ba ta yarda a kulle sai ruwan inji ya kai wajen digiri 60, kuma mu nan an mayar da cire tamostat al'ada. Da safiyar hunturu a hanyar Zariya, motar da aka cire wa shi tana iya yin tafiya mai nisa ruwanta bai yi ɗumin da za a kulle ba, tana shan mai tana dafa man giya. Makunnin fitilar birki da ya lalace ma yana hana kulle, domin kwamfuta na ɗauka ƙafarka na kan birki. Filogi ko kwayil mai yanke wuta kuma yana kawo karkarwa mai kama da ta kwanbata sak, a daidai gudun da ake kullewa, don haka a duba ɓangaren wuta da sikana kafin a sake sauke giya.